Sunan Yanka da Sunan da Ake Amsawa

Ranar bakwai da haihuwa, tun da sassafe maza sun taru a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, ana rabon goro da dabino. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa jariri suna Abubakar, aka yanka rago. To amma a cikin gida wannan suna ba zai yi nisa ba. Sunan kakansa ne na wajen uba, uwar yaron kuwa ba za ta iya buɗe baki ta ambaci sunan surukinta ba. Kafin a sauke tukunyar tuwon suna, yaro ya zama Abba, ko Baffa, ko Halifa. Yana kwance cikin zanen goyo bai san ana yi ba, amma tuni jama'a sun yanka masa matsayi.

Kunya ce ke wannan aiki, kuma ƙarfinta ya fi bayyana a kan ɗan fari. A gidajen da suka riƙe al'ada, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ce ke ɗaukarsa da zarar an yaye shi. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwar Bahaushiya aka buga a 1954, ya nuna yadda wannan kara take a rayuwar mata tun wancan zamani. Baƙo zai ɗauka rashin ƙauna ne. Wanda ya tashi a ciki ya san uwar da ba ta kiran sunan ɗanta ita ce ke kwana zaune idan zazzaɓi ya kama shi. Haka matar aure take sakaya sunan mijinta, ta ce Malam, ko Maigida, ko Baban wane.

Wasu sunayen kuma labari ne sukutum. Ladi da Ɗanladi ranar Lahadi suka zo, Jummai ranar Juma'a, Asabe ranar Asabar. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo mai bi wa tagwaye, Audi wanda uba ya rasu ya bar shi a ciki. Mafi taɓa zuciya su ne sunayen 'ya'yan mai wabi, macen da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna ƙanana. Sai a kira yaro Ajuji ko Bawa, a nuna kamar ba a damu da shi ba, da fatan ya tsaya. Dattijon da ke amsa Ajuji yana ɗauke da hawayen mahaifiyarsa duk inda ya shiga.

Da boko ya zo, ya kawo nasa tsarin. Malamin aji yana son suna biyu a rajista, ga Muhammadu biyar a aji ɗaya, ga yaro yana jin nauyin furta sunan mahaifinsa. Sai aka liƙa wa kowa sunan garinsu. Ahmadu Bello da sunan Ahmadu Rabah aka san shi a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Isa Kaita, Shehu Shagari, duk sunayen garuruwa suke ɗauke da su, 'Yar'aduwa ma unguwa ce a birnin Katsina. A Nijar kuwa, alƙalamin Faransanci ne ya bi ta kan sunayen, Yusufu ya koma Issoufou a takarda, Usmanu ya koma Ousmane, alhali a bakin uwayensu babu abin da ya canja.

Yanzu kwamfuta ce ke da magana. Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN a 2014, a Disambar 2020 kuma gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN. Na'ura suna ɗaya take so, rubutu ɗaya, jeri ɗaya. Wanda ya zama Garba a firamare, Abubakar a banki, Habu a katin zaɓe, mutum uku ne a wurinta, ko da yake duk Bahaushe ya san mutum ɗaya ne. Haka Binta da Fatima, Indo da A'isha, Sanda da Umaru. Mutane sun yi jerin gwano zuwa kotu neman takardar rantsuwa, wasu asusunsu ya tsaya cik, kuma tsofaffi da mutanen karkara ne suka fi shan wahalar, su da ba su aikata laifin komai ba. Da an tsara fom ɗin da sanin yadda mutanen ƙasar ke sa suna, da an rage wannan wahala.

A wurin rajista za a ga dattijuwa ta zauna gaban ma'aikaci, sa'an jikanta. Ya ce, "Baba, sunanki?" Ta ce Kulu. Ya duba tsohon katinta ya ga Hauwa'u. Ya tambayi sunan maigidanta, sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, ta taɓa yarinyar da ta rako ta, ta ce, "Ke, faɗa masa."