Rance Tsakanin Abokai: Yadda Ake Karɓar Kuɗi Ba a Ɓata Zumunci Ba

Kowace shekara, in kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, wake da gujiya sun fito kasuwa, sai maganar bashi ta taso a karkara. Daga ƙauyukan Maraɗi zuwa na Damagaram da Tawa, lokacin nan ne ƙofar mai gari ke cika da masu ƙara. Da yawa cikinsu ba baƙin juna ba ne. Abokai ne da suka tashi tare, suka yi gayya a gonakin juna, wasu har da auratayya tsakaninsu.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Abin da ke kawo rigima shi ne rancen da aka bayar ba shaida, ba ranar biya, sai dai "in Allah ya hore".

Ga misali. Cikin damana, rumbu ya ƙare, matar wani manomi ta kwanta ciwo. Abokinsa ya sayar da rago ya ranta masa jaka 30. Su biyu kaɗai suka sani. Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ba a ce komi ba. Yanzu mai kuɗin yana son sayen iri da taki. Abokin kuwa, in ya hango shi a kasuwa, sai ya sake hanya. Matansu sun bar gaisawa a bakin rijiya. Mai kuɗi yana tsoro biyu: in ya yi shiru, kuɗinsa sun tafi, in ya yi magana, abota ta mutu. Amma akwai hanyar da ake bi daki-daki.

Farko: a tuna masa a keɓe

Mai kuɗi ya je da ƙafarsa. Kada ya aiki yaro, kada ya sa mata cikin maganar, kada ya tayar da ita a majalisa ko a ƙofar masallaci. Wanda aka kunyata gaban jama'a yakan musanta bashin don ya tsare mutuncinsa.

A zaɓi lokacin da mutum ke da abu a hannu: bayan girbi, ko ranar da ya sayar da bisa a kasuwa, ko sa'ad da ya komo daga cin rani. Wanda ya je bin bashi cikin watan da ake cin tafasa, ya yi tafiyar banza.

A faɗi magana a fili. A ambaci yawan kuɗin, a faɗi bukatar da ta taso, a nemi rana. "Ina sane" ba rana ba ce. "Kasuwa mai zuwa" rana ce.

Wanda ba shi da shi, da wanda ya ƙi

Masu cin bashi iri biyu ne. Akwai wanda fari ko ciwo ya karya shi. Akwai wanda ke da halin biya amma yana ja. Tsofaffi sun ga yadda yunwar 1973 da ta 1984 suka bar masu garke ba ko akuya. Irin wannan mutum ba a matsa masa. Aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Jinkiri ba yafewa ba ne. Ana iya sassauta hanyar biya. Wanda ba ya iya fitar da jaka 30 gaba ɗaya, yana iya ba da jaka 5 kowace kasuwa. Kasuwa 6, bashi ya ƙare. Ana iya karɓar hatsi ko wake, a auna da tiya bisa kuɗin kasuwa na ranar da aka biya. Ana iya karɓar akuya, dillali ya yi mata kuɗi gaban mutane. Wani ma da aikin gona yake biya, a lissafa kwanakin ƙwadago.

Sai dai mai kuɗi ya kiyaye abu guda. Abin da ya ranta shi zai karɓa. In ya ƙara wani abu bisa uwar kuɗi saboda an daɗe, ya shiga riba, kuma addini ya hana.

Na biyu: a sa manya

In an je sau biyu ko uku ba a dace ba, sai a nemi wanda su duka ke jin nauyinsa: liman, ko wan mai cin bashin, ko wani dattijon unguwa. A wannan zama, ba kuɗi ake fara nema ba. Abin da ake so shi ne mutumin ya amsa da bakinsa, gaban mutum biyu, cewa ana bin sa kaza. Da ya amsa, rancen da ba shi da shaida ya samu shaidu. Nan take sai a yanka ranar biya, a rubuta.

Na uku: mai gari da sarki

In sulhun dattawa ya ƙi, sai gidan mai gari. A rugga, sai wurin arɗo. In abin ya fi ƙarfinsu, su miƙa ga sarki. Dokar sarautar gargajiya ta 1993, wadda aka sabunta a 2015, ta ba sarakuna ikon sasanta mutane a irin waɗannan rigingimu. In an daidaita, ana rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu. In ba a daidaita ba, nan ma ana rubutawa. Mai kuɗi ya nemi tasa takardar ya adana ta wurin da gara da ruwa ba su kai.

Na ƙarshe: gaban alƙali

Gidan shari'a shi ne ƙofar ƙarshe. Can za a tambayi mai ƙara hujja: takarda ko shaidu. A ƙa'idar Musulunci, kawo shaida na kan mai da'awa, rantsuwa kuma na kan wanda ya musanta. Ke nan wanda ya ba da rance a ɓoye yana iya komowa hannu wofi.

Kafin a kai ƙara, a yi lissafi. Akwai kuɗin mota zuwa birni, akwai kwanakin aikin da za a rasa. Wanda ya kashe jaka 10 don ya karɓo jaka 8 bai ci riba ba.

Abin da ba a yi

Kada mai kuɗi ya shiga gidan abokinsa ya kwance akuya, ko ya tare masa amalanke a hanya. Wanda ya yi haka ya juya shari'a kansa: jiya shi ke bin bashi, yau shi ake tuhuma. Zagi da gori a bainar jama'a su ma ba su fitar da ko dala. Suna dai raba gidaje biyu har ƴaƴa da jikoki.

Kada kuma a yi shiru har mutuwa ta zo. In mai cin bashi ya rasu, ana biyan bashi daga dukiyarsa kafin a raba gado. Shi ya sa ake shela wurin jana'iza, wanda ke bin mamaci ya zo ya faɗa. Amma magada ba su san abin da aka yi a ɓoye ba, su ma za su nemi shaida.

Takarda ba rashin yarda ba ce

Wasu na ganin rubuta rance tsakanin abokai cin fuska ne. Ba haka ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, maganar rubuta bashi da kafa shaidu take yi. Makiyaya ma sun san amfanin sharaɗi. A al'adar habbanaye ta Fulani, mutum na ba abokinsa aron saniya, ya sha nono, ya riƙe ƴaƴan da ta haifa, sannan ya maido uwar. Kowa a rugga ya san saniyar, ya san sharaɗin, shi ya sa al'adar ta daɗe.

Tun 1963 aka buɗe aikin yaƙi da jahilci a Nijar. Wanda ya koyi karatu da rubutu yana iya rubuta takardar rance da hannunsa, da Hausa, da boko ko da ajami. Ga abin da za ta ƙunsa: sunan mai bayarwa, sunan mai karɓa, yawan kuɗi, ranar bayarwa, ranar biya, sunan shaidu biyu, da sa hannu ko dangwalen yatsa. A yi ta biyu, kowa ya riƙe guda.

Wajen yawan kuɗi a kula ƙwarai. Dala 1 tamma 5 ce, jaka 1 kuwa dala 200 ce, wato tamma 1000. In an rubuta 200 kawai, wani zai ce dala, wani ya ce tamma. Mutanen bakin iyaka, irin na Ƙonni, Madarumfa da Magarya, su rubuta ko sefa ce ko naira. Darajar kuɗi na sauyawa: an karya sefa da rabi a 1994, naira kuma ta faɗi ƙwarai a 2023. Da kuɗin da aka ranta, da su ake biya.

Mai bayarwa ya ranta abin da rashinsa ba zai hana shi shuka ba. Kuɗin iri da cimakar iyali ba na rance ba ne. Mai karɓa kuma, in ranar ta zo bai samu ba, ya je da kansa ya faɗa tun ba a zo nemansa ba. Wanda ya biya bara, shi ake ranta wa bana. Allah ya rufa asirin kowa.