Yadda Wayar Hannu Take Samun Sabis

Jama'a, yau wayar hannu ta zama abokiyar tafiyar manomi da ɗan kasuwa. A shekarar 2001 ne kamfanonin MTN da Econet suka fara wannan aiki a Nijeriya. To, yaya waya take haɗuwa da sabis?

Ku ɗauki waya kamar baƙon da ya sauka a gari. Baƙo ba ya zama sai ya je gaban Maigari ya faɗi ko shi wane ne. Haka ita ma waya take yi.

Da an kunna ta, sai ta saurari ƙarfen sabis na kusa. Wato dogon ƙarfen nan da kuke gani a bakin gari. Kowane ƙarfe yana shelar sunan kamfaninsa ta iska, kamar gidan rediyo. Waya takan zaɓi na kamfaninta wanda ta fi jin muryarsa.

Daga nan sai ta gabatar da kanta. A cikin sim akwai wata lamba ta musamman da wani mabuɗi na sirri. Ƙarfen zai miƙa lambar ga babbar kwamfutar kamfani. Kwamfutar za ta aiko da tambaya ta lissafi. Sim ɗin da yake da mabuɗin ne kaɗai zai iya ba da amsa daidai. In amsa ta yi, sai a karɓi wayar, a rubuta yankin da take. A lokacin ne za ka ga sandunan sabis sun fito. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ne.

In ka tashi daga Nasarawa Burkullu za ka Gummi ko Anka, wayarka tana barin wannan ƙarfe ta kama na gaba. In ta shiga sabon yanki, takan sanar da kamfani. Shi ya sa mai kiranka daga Legas yake samunka ko'ina kake. Inda sabis ya yi rauni kuwa, waya tana ta ƙoƙarin nema, sai caji ya ƙare da wuri.

Idan ƙarfe ya daina aiki, waya ba ta da wurin kai gaisuwa. Mun ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da hukumar NCC ta sa aka rufe sabis a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Ga waya, ga kati, amma babu kira.

Akwai kuma rajista ta biyu, wadda kai za ka yi. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Saboda haka:

Kada ka sayi layin da wani ya yi wa rajista.

Kada ka yi wa wani rajista da sunanka. In aka yi ɓarna da layin, kai za a nema.

In wayarka ta ɓata, hanzarta zuwa ofishin kamfani a rufe layin.

Danna *#06# a wayarka. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito. Ita ce shaidar wayar. Rubuta ta ka adana.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.