Manuwal ko Otomatik: Wace Fowil ce ta Dace da Hanyoyin Mafara?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta zube a bayansa, sabuwar mota ta gagari kusan kowa, tokumbo ma sai mai ƙarfi. Abin da ya rage wa yawancin masu neman fowil, wato motar da ke ja da ƙafafunta huɗu, shi ne wadda ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin tana aiki, ta bi ta hannun mutane da dama kafin ta iso wurin dillalai a Gusau ko Sakkwato. A wurin ciniki kuwa, bayan an shafa fenti an saurari inji, maganar da ke raba kan masu saye ita ce ta giya: manuwal ko otomatik? Mutane sukan yanke hukunci da wadda ta fi musu daɗin tuƙi. Ga mazaunin Morai, ko Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, daɗin tuƙi ƙaramin abu ne a wannan lissafi. Abin dubawa biyu ne: wace giya ce za ka iya gane lafiyarta kafin kuɗinka su bar aljihu, wace ce kuma za a iya gyara maka a kusa ranar da ta tsaya. Da wannan awo manuwal ce ta rinjaya ga mai shiga ƙauyuka da kaya, duk da cewa ratar ba ta kai yadda masoyanta ke zuzutawa ba.

A fara da hanyar da motar za ta bi. Kwaltar da ta taso daga Gusau ta ratsa Talata Mafara ta nufi Sakkwato, kowace irin mota na binta, ba don ita ake sayen fowil ba. Ana sayenta ne saboda abin da ake tararwa idan an sauka daga kwalta. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta mai da wannan yanki wurin noman rani da damina, ana fitar da shinkafa da masara da dankali da albasa da tumatir. Hanyoyin da ke kaiwa gonakin nan, a watan Agusta laka ce mai danƙo, idan rani ya yi kuma ta bushe ta bar ramuka da sawun tarakta, can gaba a tarar da rairayin da ke haɗiye taya. Motar ba fayau take tafiya ba, musamman ranar kasuwar Talata, ga buhuna ga mutane. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafin rana kan haura digiri 40. Nauyi, da tafiya a hankali ana ta ba da wuta, da zafi: waɗannan ukun su ne suka fi saurin kashe giyar otomatik, kuma a nan tare suke zuwa.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera ta. A manuwal, faifan kuloci ne ke haɗa inji da giyabos. Da zarar direba ya ɗaga ƙafarsa sun manne, ƙarfin inji ya wuce kai tsaye zuwa tayoyi. A otomatik kuwa mai ne ke ɗaukar wannan ƙarfi, a cikin abin da makanikai ke kira kwanbata: inji na juya wata fanka, fankar na watsa mai, man na tura wata fankar da ke haɗe da giya. Man nan ɗaya shi ne kuma ke danne faifayen faiba da ke canza giya, shi ne ke hana ƙarafa cin juna. Idan mota ta kafe a laka direba ya yi ta taka totur, ko tana jan nauyi a rairayi, fanka ɗaya na gudu ɗaya na jan jiki, bambancin da ke tsakaninsu sai ya koma zafi. A motoci da yawa lagireto ne ke sanyaya wannan mai, lagireton da shi ma ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun toshe masa iska. Mai idan ya ƙone ya daina aikinsa, faiba ta fara cinyewa, garinta ya bi ya toshe ƙananan hanyoyin da man ke ratsawa. Ruwa ma haka: idan aka tsallaka rafi ya sami hanyar shiga giyabos, yakan saki mannin faiba, ɓarnar kuma sai bayan makonni take bayyana.

Nan ne maganar tsohuwar mota ta bambanta da ta sabuwa. Otomatik da aka kula da ita tana iya yin shekaru masu yawa ba a buɗe ta ba. Amma wa ya san yadda aka kula da wadda ke gabanka? Kowace giya da irin manta. Toyota kaɗai tana da wadda ke shan Dexron, da wadda ke shan T-IV, da ta baya-bayan nan mai shan WS, wadda sau da yawa ba ta ma da sandar awon mai. Tsofaffin Nissan Murano, da Pathfinder daga samfurin 2013 zuwa na 2020, giyarsu irin ta CVT ce mai aiki da bel ko sarƙa, manta daban ne ƙwarai. A garejinmu kuwa ba abin mamaki ba ne a zuba duk jan man da aka samu a shago, wani ma jabu. Giyar ba za ta yi gardama a ranar ba, za ta ci gaba da aiki tana lalacewa a ɓoye. Mai sayarwa na iya zuba sabon mai, a goge laifin da kwamfuta ta nuna, motar ta yi lafiyayyen zagaye na minti goma a cikin gari. Sayen irin wannan da ɗan gajeren gwaji cinikin biri a sama ne. Manuwal ba ta iya ɓoye ciwonta haka. Kulocin da ya cinye yana sulɓewa, giyar da ta gaji tana gurnani ko ta riƙa fita da kanta, duk direban da ya ƙware zai ji wannan a hannunsa da ƙafarsa kafin a je ko'ina.

Sai ranar lalacewa, wadda ba makawa tana zuwa ga kowace tsohuwar mota. Canza faifan kuloci aiki ne da makanikan Mafara da Bakura suka gada tun zamanin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, suka ci gaba da yi a kan Golf da Kanta da Hiace. A sauke giyabos da safe, a ɗaura faifai, zuwa yamma ko washegari mota ta hau hanya. Otomatik idan ta mutu, ba kasafai ake samun mai buɗe ta ya gyara yadda ya kamata a ƙananan garuruwa ba. Abin da aka fi yi shi ne a aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a sayo wata giyabos ta tokumbo a ɗora. Ka ga an sake sayen wani tarihin da ba a sani ba, kuma dole lambarta ta dace da birenbos ɗin motar, in ba haka ba a yi ta kai da kawo. Kuɗin ya ninka na kuloci sau da yawa, ban da kwanakin da motar za ta yi a ajiye, ƙila a tsakiyar kaka lokacin da aka fi bukatarta.

Akwai kuma abin da ke faruwa a kan hanya kafin a kai gareji. Manuwal idan batir ya yi sanyi ko sitata ta ƙi, matasa huɗu sun isa su tura ta ta tashi, matuƙar akwai ɗan sauran wutar da za ta motsa famfon mai. Otomatik ba ta tashi da turi. Ja ma ba a yi mata shi da igiya tafiya mai nisa, domin famfon da ke zagaya da manta inji ne ke juya shi, idan inji na kashe tayoyi na juyawa ƙarafa za su ci juna a bushe. Sai dai a kwance farfela ko a nemo janwe ya ɗauke ta. Kowa ya san halin tsaron da ake ciki a hanyoyin Maradun da ƙauyukan Bakura da Mafara a shekarun nan. Motar da za ta tsaya da mutum a daji har la'asar ta yi sanyi ana jiran janwe daga gari, asararta ta wuce ta kuɗi.

Masu son otomatik suna da hujja, kuma babba ce. A cikin rairayi da taɓo, lafiyayyar otomatik ta fi manuwal iya tafiya a hannun yawancin direbobi. Ba ta yanke ƙarfi lokacin canza giya, alhali mai manuwal da ya taka kuloci a tsakiyar yashi, kafin ya sa ta biyu motar ta tsaya ta nutse. Ba ta kuma mutuwa a tsakiyar kwazazzabo don direba ya yi kuskuren ƙafa. Direban da bai ƙware ba yana iya ƙone sabon kuloci a yini ɗaya wurin fitar da mota daga laka, warinsa ma ya ishi shaida. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai maganin matsalar na nan a jikin motar, wato ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira okzilari, wadda aka rubuta wa L4 ko 4L. Idan aka sa ta tun kafin a shiga wurin, aka ɗan rage iskar taya, mota za ta ratsa a giya ɗaya ba tare da an taɓa kuloci ba. Wannan abu ne da ake koya a 'yan kwanaki. Kuskuren mai manuwal faifai yake ci, na mai otomatik kuwa giyabos ɗungurungum.

Hujja ta biyu ta kasuwa ce, ita ma tana da nauyi. Yawancin jif-jif ɗin da ke shigowa Nijeriya daga Amurka suke, can kuwa kusan kowa otomatik yake tuƙawa. Toyota Highlander da Lexus RX ba a ma ƙera su da manuwal ba. Saboda haka mai neman manuwal zaɓinsa kaɗan ne, galibi Hilux, ko tsohuwar Land Cruiser, ko Pajero, kuma da yawansu motocin kamfanonin hanya ne ko na ma'aikatu, waɗanda direbobi barkatai suka gama wahalar da su kafin a yi gwanjonsu. Babu hikima a ɗauki Hilux da ta ragargaje don kawai manuwal ce, a bar Prado otomatik mai tsabta da aka san mai ita, aka san bakaniken da ke duba ta. Amma a lura da wani ruɗani da dillalai ba su damu su warware ba. Highlander da RX da CR-V da RAV4, ko da suna ja da ƙafa huɗu, ba su da okzilari, cikinsu kuma bai yi nisa da ƙasa ba, wasunsu ma da ƙafafun gaba kawai suke ja. Motocin kwalta ne da burji mai kyau. Wanda ya ɗora wa irinsu buhunan shinkafa ya nufi fadama a watan Agusta ya sa giyarsu aikin da ba a yi ta dominsa ba.

Don haka ba kowa ne wannan shawara ta hau kansa ba. Malamin da ke koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Mafara zuwa Gusau ko Sakkwato, sai jefi-jefi ya leƙa ƙauye gaishe da iyaye, otomatik za ta yi masa daidai. Haka dattijon da gwiwa ta fara damunsa, ko gidan da maigida da uwargida ke karɓa-karɓar mota ɗaya. Wajen sake sayarwa ma, jif otomatik ta fi saurin samun mai saye a birni. Maganar shan mai kuwa, tsofaffin otomatik masu giya huɗu sun fi manuwal sha, amma masu giya biyar da shida sun rage ratar ƙwarai, har girman inji da lafiyarsa sun fi irin giya tasiri a kan abin da za ka kashe a gidan mai.

Kowace aka zaɓa, kada a yarda da gwajin da mai sayarwa ya tsara. A je da sassafe inji na sanyi, da bakaniken da ba shi da rabo a la'ada. Idan otomatik ce, a murɗa makulli a tabbata fitilar gargaɗin inji ta kama sannan ta mutu bayan an tayar, domin akan cire ƙwanta don a rufe laifi. A taka birki a sa D, a koma R: jinkiri mai tsawo ko bugu mai ƙarfi alama ce marar kyau. A zaro sandar mai in akwai, a shafa a farin ƙyalle. Ja ko ruwan hoda mai haske lafiya ne, baƙi mai warin ƙuna ko mai kama da madara kuwa a haƙura da motar. Sannan a yi tafiyar akalla rabin awa a kwalta har ta yi zafi sosai, don yawancin ciwon sai a lokacin yake fitowa, a sa mata kwamfuta bayan an dawo. Idan manuwal ce, a sa giya ta huɗu ana tafiya a hankali a taka totur: inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya ƙare, sai a cire kuɗinsa daga farashi. A gwada kowace giya har da ribas, a saki totur a ga ko wata za ta fita da kanta. Fowil ɗin kuma a gwada ta a kan ƙasa ko yashi, domin irin ta Hilux ba a sa ta a busasshiyar kwalta, a sa H4, a tsaya a sa L4, a ji ko ta shiga da gaske. Daga nan bakanike ya kwanta ƙarƙashin motar ya ƙirga farfela. Akan sami wadda aka kwance mata ɗaya tun da daɗewa don gudun kuɗin gyara, tana ja da ƙafa biyu, ana neman a sayar da ita a farashin mai huɗu.