Ƙarewar Ruwan Jiki Da Bazara

Kowa ya zauna Kano ya san halin bazara. Tun daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan fari, rana takan buɗe ƙwarai, a watan Afrilu kuwa ma'aunin zafi yakan kai digiri 40. Mu da ke zirga-zirga tsakanin Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni muna ganin masu shan wannan rana kullum: 'yan garuwa, da magina, da 'yan talla, da yara masu komowa daga makaranta da azahar. To, ya kamata mu san abin da rana ke yi wa jikinsu da namu, gama gobe mu ne za a damƙa wa 'ya'yan mutane.

Wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne. Idan jiki ya yi zafi sai ya fid da gumi don ya huce, mai aikin ƙarfi cikin rana kuwa yana iya zubar da lita guda cikin sa'a ɗaya. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, kafin damina ta kusa iskarmu busasshiya ce, tana shanye gumi nan da nan. Mutum ya ga rigarsa a bushe, ya zaci bai yi asarar kome ba, alhali ruwa da gishirin jikinsa suna ta tafiya. Ƙishirwa kuma ba ta faye yin gargaɗi da wuri ba, balle ga tsofaffi, waɗanda jin ƙishinsu ya ragu.

Saboda haka ma'aunin da ya fi aminci shi ne fitsari. Idan yana fita da yawa, fari-fari, lafiya ke nan. Idan ya ragu, ya yi ja kamar shayi, jiki na neman ruwa. Daga nan sai bushewar baki, da ciwon kai, da jiri in an miƙe tsaye, da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. Jariri ba shi da bakin faɗa, sai a duba: maɗigarsa ta loɓa, idanu sun faɗa, yana kuka ba hawaye, in an ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba.

Kada mu ɗauki wannan abin wasa. Ran 3 ga Afrilu, 1445 ta Hijira tana cikin watan Azumi, watau shekarar 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuwa ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu na farkon watan.

Rigakafi ya fi magani. Mu sha ruwa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai kama mu ba. Aikin gona da wasan ƙwallo a mai da su safe ko bayan la'asar. Kankana da kunu da fura da nono duk suna taimako. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa tsakanin buɗa baki da sahur, wanda ya jigata kuwa ya tuna shari'a ta yi wa majinyaci rangwame. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, sai dai a ƙara yawan ba shi.

Idan gudawa ko amai suka haɗu da zafi, ruwa kaɗai bai isa ba, sai ruwan gishiri da sukari. A sami lita guda ta ruwa mai tsabta, watau ledar ruwa biyu ta sayarwa, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, a dama. In akwai ƙunshin ORS na kemis, shi ya fi. Hikimar abin ita ce sukari ke taimakon hanji ya tsotsi gishiri, ruwa kuwa ya bi gishirin zuwa cikin jini. A shekarar 1971 wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash sa'ad da kwalara ta ɓarke, masu mutuwa suka ragu daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Amma fa idan mutum ya fara sambatu, ko ya suma, ko ya kasa haɗiyar ruwa, ba a ɗura masa kome. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan bisa hanyar Zariya, maƙwabcinmu ne.

Kowane ɗayanmu ya koya wa mutanen gidansu da ɗalibansa wannan awo. Allah ya kai mu damina lafiya, amin.