Taɓin hankali da zaman aure

Ƴan uwa, akwai wani ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira sikizofireniya. Mai shi yana jin muryoyin da sauran mutane ba su ji. Yana zargin ana bin shi da sharri. Yana gudun jama'a. A duniya, wajen mutum 1 cikin 300 ke da shi.

Ciwon yana kama maza da mata, amma ba lokaci guda ba. Namiji yakan kamu da wuri, wajen shekara 20, tun bai tara kuɗin aure ba. Ya kasa noma, ya kasa bida. Shi ya sa da yawansu ke zama tuzurai.

Mace kuwa yakan jinkirta mata, har shekara 25 ko 30. Lokacin tana ɗakin miji, da goyo a baya. Abin da ke jiran ta shi ne saki. A maida ta gidan iyaye, a raba ta da ɗiyanta.

Wasu iyaye suna cewa: "A yi mashi aure, ya warke." Aure ba magani ba ne. Magani yana gidan likita. Wanda ke shan shi kullum yana iya samun sauƙi, ya koma gona, ya riƙe gida.

Maigida, kada ka yi gaugawar saki. Ka kai matarka likita. In tana da ciki, kada ta bar magani sai da shawarar likita, don ciwon yakan taso bayan haihuwa.

Iyaye, ku faɗi gaskiya kafin a ɗaura aure.