Kek a jikin bango: Duba waɗannan kafin ka sayi zanen kayan shagali

Duk mai yawo a Instagram ko Pinterest ya sha cin karo da su: ƴan ƙananan zane-zane na kek ɗin biki, kofin shayi ko tulin alewa, waɗanda ake bugawa a takarda mai kauri a sayar. Tara su ya zama abin yayi, don sun fi babban zane araha, kuma ko ɗakinka akurki ne ba za su rasa waje ba.

Harkar ba yau ta fara ba. Wayne Thiebaud, ɗan Amurka da ya rasu a 2021 yana da shekara 101, da zanen kek da ayis kirim ya yi suna. A 1964 ya yi wasu ƙananan bugu 17 da ya kira Delights a maɗaba'ar Crown Point Press da ke Kaliforniya. A 2019 kuwa, an yi gwanjon wani zanensa na fenti, na kek, a kan sama da dala miliyan 8.

Sai dai fa ba kowane bugu ne ke da daraja ba. Akwai masu kwafo aikin wasu daga intanet, su buga, su tsawwala kuɗi, mai zanen ko sisi bai gani ba.

Don haka ka leƙa ƙasan takardar. Idan ka ga 12/50, ma'ana guda 50 kacal aka buga, naka shi ne na 12. A gefe kuma sa hannun mai zanen ne, galibi da fensir. Babu lamba, babu sa hannu? To fosta ce, kuɗin fosta za ka biya. Ka tambayi sunan mai aikin, ka je shafinsa ka tabbatar, in da hali ma a hannunsa za ka saya.

In ya iso, a sa shi a firam mai gilashi, nesa da rana da tururin kicin, don rana na kashe kala, laima kuma na kawo fumfuna. Kar a kuskura a manna shi da salatif.

Ba kuma dole sai kek ɗin Turawa ba. Masa, cincin, dambun nama da zoɓon ranar Sallah duk sun cancanci firam. In kana da aboki ko ƙawa mai zane, ba da aikin, ka biya yadda ya kamata, sannan ka ce a sa hannu da lamba.