Ramukan ado a bambar mota: yadda masu tsere ke buɗe su don sanyaya birki da inji

A watan Janairun 2019, a bikin baje kolin motoci na birnin Detroit da ke Amurka, kamfanin Toyota ya fito da sabuwar motarsa ta gudu mai suna GR Supra. Shekara 17 ke nan masoyanta suna jira, tun da aka daina ƙera tsohuwar a 2002. Da mutane suka matso kusa suna shafa ta, sai suka lura da wani abu: yawancin ramukan da ke jikinta, a gefen fitilu da kan bonet da jikin ƙofofi, a toshe suke da baƙar roba. Daga nesa ka rantse ƙofofin shan iska ne, amma ko sauro ba zai wuce ta cikinsu ba.

Nan take aka yi ca a kan kamfanin, ana cewa ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Babban injiniyan motar, Tetsuya Tada, ya bayyana wa 'yan jarida cewa motar da za ta yi tafiya a kan titi ba ta buƙatar ramukan a buɗe, amma an tsara su a wuraren da masu shirya ta domin tsere za su iya cire robar su yi amfani da su.

Ba Supra kaɗai ke da irin wannan ba. Ku duba bambar motocin da ke wucewa a gaban makarantarku, za ku ga da yawa suna da ramuka gefe da gefe waɗanda ba su kai ko'ina ba. A ƙasashen da ake da filayen tsere, kamar Japan da Jamus da Amurka, akwai masu motoci da ke buɗe waɗannan ramuka da hannunsu. Aikin kamar mai sauƙi ne, amma darasin Fiziks ne cikakke a cikinsa.

Ina zafin yake fitowa?

Mu fara da birki. Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da ƙarfin motsi, kuma kun san lissafinsa daga aji: rabin nauyi, sau gudu, sau gudu. A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,500, wanda ya yi kusa da nauyin Supra. Idan tana gudun kilomita 100 a awa, wato kimanin mita 28 a daƙiƙa, ƙarfin motsinta ya kai wajen jul 580,000. Idan gudun ya koma kilomita 200, ƙarfin ya ninka sau huɗu, ya haura jul miliyan 2.3.

Da direba ya taka birki, wannan ƙarfi ba ya ɓacewa, rikiɗa yake ya koma zafi. Ƙananan allunan da makanikai ke kira birki-fad suna matse faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, gogayyar ta haifar da zafi. Jul miliyan 2.3 ya isa ya kai ruwa lita 7 ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi ake zuba shi a faifai huɗu. Na gaba ne ke kwasar kaso mafi tsoka, domin nauyin mota yana rinjaya gaba a lokacin tsayawa.

A kan titi, direba yana taka birki mai ƙarfi sau ɗaya, faifan ya samu lokaci ya huce. A filin tsere kuwa kwana na bin kwana, zafi na hawa kan zafi. A motocin Formula 1 faifan birki yana kaiwa digiri 1,000 a ma'aunin salshiyos. Motar gida ba ta zuwa nan, amma tun kafin nan matsala take farawa. Birki-fad ya yi zafi ya rage kamu. Man birki kuma yana iya tafasa: nau'in DOT 4, idan sabo ne, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya tsufa ya sha danshi, ƙa'idar tana sauka zuwa 155. Da ya tafasa sai kumfa ta shiga cikinsa. Ruwa ba ya matsuwa, kumfa kuwa tana matsuwa, don haka direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota na ci gaba da tafiya. Irin wannan haɗari ne direbobin manyan motoci ke tsoro a gangara mai tsawo kamar ta Hawan Kibo a Jihar Filato, shi ya sa gogaggu daga cikinsu ke sauka da ƙaramar giya maimakon dogaro da birki.

Inji ma haka. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfin da ke cikin fetur yake juya tayoyi. Sauran yana fita a matsayin zafi, wani ta salansa, wani ta lagireto. Baƙin mai idan ya yi zafi da yawa sai ya tsinke, ya kasa kare ƙarafan da ke gogar juna.

To me ya sa kamfani ya toshe?

Dalilin farko shi ne turjiyar iska. Iskar da ta shiga cikin mota tana karo da abubuwa iri-iri kafin ta fita, wannan yana riƙe motar, yana ƙara shan mai. Abin ya kai har motocin zamani da dama, ciki har da wasu na BMW da Ford, suna da labule a bayan ragar gaba wanda ke rufe kansa idan inji bai buƙatar iska, ya buɗe idan ya yi zafi.

Na biyu, duk ramin da iska za ta bi, ruwa da ƙura da tsakuwa ma za su bi, ga kuma ƙara. Na uku kuɗi ne. Kamfani yakan ƙera bamba iri ɗaya wa motoci masu daraja daban-daban. A mai tsada a sa fitilar hazo ko ƙarin lagireto a bayan ramin, a mai araha a toshe shi da roba. Na huɗu kuwa ado ne kawai, domin masu saye suna son mota mai fuskar tsere.

Amma akwai lokacin da kamfani da kansa yake ganin iskar ta yi kaɗan. Honda Civic Type R ta 2017 ta sha suka kan ramukan ado, kuma wasu masu kai ta filin tsere sun koka da zafin inji. A samfurin 2020 Honda ta faɗaɗa bakin ragar gaba da kashi 13 cikin 100, ta ce hakan na cikin gyare-gyaren da suka rage zafin ruwan inji da kimanin digiri 10 a lokacin gudu mai tsanani.

Yadda ake aikin

Wanda ya san abin da yake yi ba ya fara da wuƙa. Yana fara da awo. Akwai fenti na musamman da ake shafa wa gefen faifan birki wanda ke canza launi idan zafi ya kai wani mataki, akwai kuma ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa. Idan awo ya nuna birki ko mai bai wuce iyaka ba, babu dalilin taɓa komai.

Idan ya wuce, sai a zaɓi rami. Mafi amfani su ne na gaba, waɗanda ke fuskantar iska kai tsaye, domin a nan iska ke cunkushewa idan mota na gudu, matsinta ya yi yawa. Masu motoci irin su Mazda MX-5 da Subaru BRZ sukan yi amfani da gurbin fitilar hazo. A cire robar ko a yanke ta, a sa raga don tare tsakuwa, a ɗaura mazurari a bayanta.

Daga mazurarin sai tiyo, mai faɗin inci biyu da rabi zuwa uku, wanda aka yi da robar da ke jure zafi, da waya a naɗe a cikinsa don kada ya lotse. A nan ake gane gwani. Dole a bi da tiyon ta inda taya ba za ta goge shi ba idan an murɗa sitiyari har ƙarshe, kuma a bar masa sarari domin taya tana hawa tana sauka. Kowace kwana mai tsanani a jikin tiyon tana rage iskar da za ta isa.

Sai tambaya mafi muhimmanci: ina za a nufa da bakin tiyon? Faifan birkin gaba faranti biyu ne da aka haɗa, da hanyoyin iska a tsakaninsu. Idan yana juyawa, yana zuƙo iska ta tsakiya ya watsa ta waje ta gefe, kamar fanka. Don haka tsakiyar faifan ake kai wa iska, ta ratsa tsakanin farantan biyu ta sanyaya su daidai. Wanda ya hura iskar a fuska ɗaya kawai zai sa gefe guda ya huce ya bar ɗayan da zafi. Ƙarfe kuwa yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, ƙarshenta faifan ya lanƙwashe ko ya tsage. Garin neman gira an rasa ido.

Idan baƙin mai ake son sanyayawa, sai a ɗaura ƙaramin lagireton mai a bayan ramin, a kewaye shi da shinge ta yadda iska ba za ta zille ta gefe ba. Iska kamar ruwa take, hanya mafi sauƙi take bi.

Mashiga ba ta aiki sai da mafita

Wannan ita ce ƙa'idar da masu koyo suka fi mantawa. Iska tana tafiya ne daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Kun san bambancin ajin da aka buɗe taga ɗaya da wanda aka buɗe tagogi biyu masu kallon juna a watan Afrilu. Idan aka sa lagireton mai a bayan bamba ba tare da an huda masa mafita a robar da ke rufe saman taya ba, iskar za ta cika wurin ta tsaya cik.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Idan sabon ramin yana zuba iska cikin ɗakin inji, a bayan babban lagireto, matsin wurin zai ƙaru, iskar da ke ratsa lagireton ta ragu. Mutum ya buɗe rami don sanyi, inji ya ƙara zafi.

Haka kuma ba kowane siririn rami ne na sanyaya ba. Wasu motoci suna da tsaga a kusurwar bamba wadda ke fitar da iska a gefen taya kamar labule, don rage hargitsin iskar da taya ke haddasawa. Wanda ya sa wa wannan tiyo ya ɓata aikin da aka riga aka yi.

Sanyi ma yana da iyaka. Birki-fad na tsere ba ya kamawa sosai sai ya ɗumama, shi ya sa a ranar sanyi ko ruwan sama za ka ga makanikan tsere suna liƙe rabin ramin da salatif. Inji ma an ƙera shi ya yi aiki da ruwa mai zafin digiri 90 ko sama kaɗan. Wannan ne ya sa cire tamostat, wanda ya zama ruwan dare a garejojinmu, ba ya cikin abin da masu ƙera mota ke so: injin da ya daɗe bai kai zafinsa ba yana ƙara shan mai, yana saurin cinyewa.

Motar gida da ke kai ku makaranta ba ta buƙatar a yanka mata bamba. A ƙurar hunturu, abin da ya fi mata amfani shi ne a wanke lagireto, a tabbatar fanka na aiki, a canza man birki a kan lokaci. Gudun da ke sa birki ya yi ja kuwa wurinsa filin tsere ne mai shinge da motar asibiti a gefe. Titin unguwa da ranar ɗaurin aure ba wurinsa ba ne.

Gwada da kanka

Nemi kwalin takalmi, da zaren ulu, da salatif, da fanka. Yanke rami a gefe ɗaya na kwalin, ka liƙa guntayen zare uku a cikinsa, ka rufe saman da farar leda don ka riƙa ganin ciki. Kunna fanka a saitin ramin ka lura da zaren. Sannan ka yanke rami na biyu a ɗaya gefen ka sake kunnawa. Bayan haka ka gwada mafita ƙarama da babba, ka rubuta abin da ka gani kowane karo. Injiniyoyi ma suna liƙa irin wannan zare a jikin motoci da jiragen sama don su ga inda iska ta dosa.

Ga kuma lissafi ka kai wa malamin Fiziks: babur da mahayinsa suna da nauyin kilo 180, suna gudun kilomita 72 a awa. Jul nawa birki zai mayar zafi kafin su tsaya? Ka tuna ka fara mayar da gudun zuwa mita a daƙiƙa.